Silima A Siton Gyaɗar Kakana

Duk wanda ya zauna darasin koyon sana'a, wato EED, ya san ranar nan da malami ke cewa kowa ya tashi ya faɗi sana'ar da zai rubuta wa tsari. Mu 'yan injiniyan lantarki, tamu ta faɗo ne a farkon samistar da ta wuce. Kusan rabin aji kiwon kaji suka ce. Wasu POS, wasu kifi, wasu cajin waya, wata kuma ta ce turaren wuta har aka tafa mata. Da layi ya zo kaina na miƙe na ce, "Malam, ni gidan silima zan buɗe a garinmu."

Aji ya kwashe da dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya, "A garin nan naku da ko NEPA ba ta san hanyarsa ba?" Malam dai bai dara ba. Ya gyara tabarau ya ce, "To madalla. Ka kawo mini lissafi, don ni ba na ba mafarki maki."

Abin da 'yan ajinmu ba su sani ba shi ne ni ba don maki na faɗa ba. Ɗakin yana nan tsaye, kuma nan da 'yan watanni za a yanke shawarar abin da za a yi da shi, ko ina so ko ba na so.

Garinmu tafiyar awa biyu da rabi ne daga Kano, in hanya ta yi kyau. Kusa da tasha akwai wani sito da kakana ya gina tun zamanin da ake tara dalar gyaɗa a Kano, lokacin da manyan motoci ke zuwa yin lodi da kaka. Tsawonsa mita 15, faɗinsa mita 8, bango mai kauri, rufin kwano, ƙofar ƙarfe guda ɗaya. Bayan kasuwar gyaɗa ta ja baya, mahaifina ya riƙa ajiye hatsi da taki a ciki. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado aka bar siton ba a raba ba, ya zama namu ni da Umma da Yaya da ƙannena mata biyu, makulli kuma yana hannun Baffa, wan mahaifina. Yanzu wani ɗan kasuwar hatsi ya zo yana son ya kama haya ta shekara biyar, kuɗi a hannu. Kuɗin nan kuwa su Umma take hangen za su riƙe karatun ƙannena. Ka ga ke nan duk abin da zan faɗa nan gaba, ba da kuɗin aljihuna kaɗai nake wasa ba.

Daga bakin mahaifina na fara jin kalmar majigi. Yakan ba mu labarin yadda motar gwamnati ke zuwa filin kasuwa bayan isha'i suna yara, a kafa farin ƙyalle, a tayar da inji, gari ya fito kakaf, a nuna musu tsafta da noman zamani, wani mutum yana ta bayani da lasifika. Da ya zama saurayi kuma, in ya kai kaya Kano sai ya saci jiki ya shiga Plaza ko Orion ya kalli fim ɗin Indiya, ya dawo ya yi mako yana ba abokai labari. In yana wannan hira har fuskarsa sauyawa take.

Mu namu zamanin fa? A garinmu akwai gidajen kallon ƙwallo uku, duk rumfunan kwano, duk maza zalla. Fim kuwa a waya ake kallo. Ka je wajen masu turawa a bakin tasha, ka ba da 'yan canji a loda maka a memori, ka koma ɗaki ka kalla kai kaɗai, ko ku haɗa kai ku huɗu a kan gilashin da bai wuce tafin hannu ba. Autarmu shekararta 14, ta haddace sunan duk wani jarumin Kannywood, amma ba ta taɓa ganin fuskar ko ɗayansu ta fi girman katin waya ba.

Ni ma sai da na je SIWES a Kano na fara shiga silima, wadda a lokacin take Ado Bayero Mall a titin gidan Zoo. Na yi mako ina tafiya aiki a ƙafa na tara kuɗin tikiti. Girman allon bai ba ni mamaki sosai ba, don na sha ganin hotonsa. Abin da ya kama ni shi ne lokacin da aka yi wani abin dariya, ɗakin gaba ɗaya ya kwashe a tare cikin duhu, na tsinci kaina ina dukan cinyar mutumin da ban sani ba, shi ma yana dukan tawa. A nan na gane abin da mahaifina yake nufi. Ina fitowa siton nan ya faɗo mini a rai.

Tun da gani ya kori ji, a dogon hutu na roƙi Baffa makulli, na ce shara zan yi. Sharar na yi, amma ban tsaya nan ba. Na aro majigi wajen yayan wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki, na ɗauko farin zanen gadon Umma na buga a bango da ƙusa, na haɗa lasifikar biki guda biyu, na jawo ƙaramin janareta. Na gayyaci abokai da yaran unguwa kyauta. Mutum wajen 40 suka shigo bayan la'asar.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Hasken rana yana shigowa ta kowace huda ta kwano da ta ƙarƙashin ƙofa, hoton ya koma kamar an wanke shi da bilic. In jarumi ya yi magana sai bango ya maimaita, kwano ya sake maimaitawa, ba ka jin komai sai guu-guu. Kafin minti 20 kowa ya jiƙe sharkaf da gumi, don mun rufe ƙofa saboda haske. Na baya ba sa ganin komai sai ƙeyar na gaba. Rana na gab da faɗuwa, hoton ya fara fitowa ke nan, sai mai ya ƙare a janareta. Majigin ya mutu nan take da zafinsa, fankarsa ba ta samu ta huce ƙwan ba. Duhu na rufewa yara suka yi ƙofa a guje gaba ɗaya, ƙofar kuma ciki take buɗewa. Sai da na ture mutane da ƙarfin tsiya na samu na ja ta. Ba wanda ya ji rauni, ƙwan ma Allah ya taimake ni bai ƙone ba, amma daren ban runtsa ba.

Kowace matsala ta ranar ita ta zama babi a tsarin da na kai wa Malam. Bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ko wani a cikinmu zai amfana.

Allo shi ne mafi sauƙi. Yawancin abin da ake fitarwa yanzu a tsarin 16:9 yake, wato in faɗi 16 ne, tsayi 9. Allo mai faɗin mita 4 tsayinsa zai zama mita 2.25. Ba sai na sayi na kanti ba. A yi wa bangon gaba filasta mai santsi, a shafa farin fenti marar ƙyalli, a zagaye shi da baƙi, gindinsa ya tashi mita 1.2 daga ƙasa. Sauran bango da silin duk fenti mai duhu, saboda farin bango yana mayar da haske kan allo ya kashe hoton. Abin da na koya a nan shi ne toshe hudar kwano ya fi sayen majigi mai ƙarfi arha nesa ba kusa ba.

Manyan gidajen silima suna amfani da majigin da ke karɓar fim a tsarin DCP, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin siton da abin da ke cikinsa. Ni majigi na gama-gari zan nema, mai fitar da hoto 1920 a 1080, mai haske lumen 3,000 zuwa 4,000, a jona shi da kwamfuta ta wayar HDMI. A yi hattara da ƙananan nan masu arha da ake rubuta wa lumen 9,000 a kwali, lambar a kwali kawai take. Kowane majigi kuma yana da lambar da ke nuna nisan da za a ajiye shi. In lambar 1.5 ce, sai ka ninka da faɗin allo, 1.5 sau 4, mita 6 ke nan daga bango. A nan zan rataye shi a silin cikin kejin ƙarfe. Akwai mai ƙwai, wanda ke yin 'yan dubban awoyi a canza, akwai kuma mai leza da masu ƙera shi ke cewa yana kai awa 20,000. Ni a lissafina awa 20 zan riƙa nuna fim a mako, wajen awa 1,000 a shekara, don haka mai ƙwai ya ishe ni tun da ya fi arha, muddin ba zan bari wuta ta yanke masa yana cikin aiki ba. Maƙiyinsa na biyu ƙura ce. Da hunturu sai an riƙa cire matatarsa ana kaɗewa duk mako, in ba haka ba zafi ya kashe shi.

Wurin zama na auna shi da tef, ni da Auta. Layin farko zai fara mita 4.5 daga allo, don kada wuyan mutane ya ƙage. Layi takwas, tsakanin kowanne mita ɗaya, kowane layi mutum takwas, huɗu hagu huɗu dama, da hanya mai faɗin mita 1.2 a tsakiya. Kujera 64 ke nan. Kowane layi zai ɗara na gabansa tudu da santimita 15, a cika da marmara a daɓe da siminti, ta yadda na ƙarshe zai tashi sama da mita ɗaya kaɗan. Abin da ya rage a baya, wajen mita uku, a raba shi da bango ya zama wurin yankan tikiti da ajiye na'urori. Wannan bangon kuma shi zai tare hasken waje in an buɗe ƙofa.

Sauti ne ya fi ba ni wahala, kuma na yarda mutum zai iya haƙuri da hoto marar kyau amma ba zai zauna inda ba ya jin magana ba. Matsalar ranar gwaji ba ta lasifika ba ce, ta ɗakin ce. Siminti da kwano ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Dole a yi silin, a lulluɓe bangon baya da rabin na gefe da abu mai laushi. Da farko na yi murna, na ce ga zana da buhun algarara da soson katifa, duk arha. Sai wani malaminmu na sashen gine-gine ya tambaye ni, "In aka yar da guntun taba a jikin soso fa?" Soson katifa in ya kama wuta hayaƙinsa kaɗai kisa yake. Ya ce in nemi audugar gilashi irin wadda ake sa wa a rufi, wadda ba ta ci da wuta, in rufe ta da yadi. Lasifika kuwa uku a gaba, hagu da dama da ta tsakiya wadda ke ɗauke da magana, sai ɗaya ta ƙasa mai gurnani. Na gefe da na baya sai hali ya yi.

Zafi kuma lissafi ne da muka yi a aji amma ban ɗauke shi da gaske ba sai da na ga gumin jama'a. Mutum ɗaya a zaune yana fitar da zafi wajen wat 100. Mutum 64 wat 6,400 ke nan, kamar ka kunna hita shida a ɗaki ka rufe ƙofa. Na'urar sanyaya ɗaki ba ta cikin lissafina, don sai an sa huɗu ko biyar, kowace tana jan sama da wat 1,000. Abin da zan yi shi ne fankoki takwas, da masu zuƙar iska biyu can sama kusa da rufi, sannan a huda bango ta ƙasa a yi kafofin iska masu lanƙwasa, a shafe cikinsu da baƙin fenti. Iska tana iya shan kwana, haske kuwa ba ya iyawa. A watan Afrilu dai na san sai haƙuri.

Sai wuta, wato fannina. Majigi wat 300, amfilifaya da lasifikoki wajen 300, kwamfuta da fitilun hanya 100. Fanka ta gama-gari tana jan wat 75, takwas 600 ke nan, amma irin ta sola tana jan wajen 30, takwas 240. Da na zaɓi ta sola jimilla ta tsaya a wat 940, ko a ce 1,000 da masu zuƙar iska. Na yi lissafi da awa 5 bayan rana ta yi sanyi, saboda ranar da za a haɗa ƙwallo da fim, wato wajen kWh 5. Batir mai ruwa na 12V 220Ah yana ɗaukar kWh 2.6, amma in kana son ya daɗe rabi kawai za ka sha. Guda huɗu da ƙyar za su kai, ba rara. Faifan sola biyar masu wat 400, da inbata mai kVA 3.5 mai fitar da wuta mai tsafta. Janareta zai zauna ne don ko-ta-kwana, a ɗakinsa can baya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashin lita ya ninka kusan sau uku cikin 'yan kwanaki, duk sana'ar da ta dogara da janareta ta san abin da ta gani. Masu gidajen ƙwallo na garinmu shaida ne.

Maganar ƙofa ita ce ba na wasa da ita. Bayan abin da ya faru na je na karanta labarin gobarar silimar El Duniya a Kano a 1951, inda mutum fiye da 300 suka rasu a dare ɗaya. A wancan zamani fim ɗin kansa abu ne mai saurin kamawa da wuta. Yanzu ba shi, amma akwai batir da waya da yadi da mutum 64 cikin duhu. Kafin in sayi ko ƙusa, sai an fasa bango an yi ƙofa ta biyu kusa da allo, an juya duka biyun su riƙa buɗewa waje, kuma ba kwaɗo a jikinsu muddin akwai mutum a ciki. Sai tukunyar kashe gobara biyu, bokitin yashi, da fitila mai caji a saman kowace ƙofa wadda ke kama kanta in wuta ta ɗauke.

Duk waɗannan da kwamfuta da biro ake warware su. Wanda ba ya warwaruwa da biro shi ne Baffa. Washegarin gwaji ya aiko kirana.

"Sharar da ka ce za ka yi ke nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na yi kuskure, Baffa, a yi mini afuwa."

"Silima? A siton Alhaji? Kai ka san abin da ake kiran mai zuwa silima muna yara? Ko 'yarsa ba a ba shi. So kake a ce gidanmu ne ya kawo wa gari wannan?"

Ban yi musu ba, kuma daga baya na gane ba daga sama ya ɗauko maganar ba. Tun da aka buɗe Rex a Kano a 1937, silima ta zauna a idon dattawa a matsayin wurin dare da shaye-shaye da cuɗanyar maza da mata. Da aka zo buɗe Palace a cikin birni sai da aka kai ruwa rana. Bayan ƙaddamar da shari'a, a ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da harkar fina-finai, sannan a 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar. Wannan tarihin duk yana cikin kunnen Baffa in ya ji kalmar. Ni kuma abin da ke cikin nawa kunnen shi ne majigin filin kasuwa da ƙaninsa ya ba ni labari.

Umma ce ta ba ni dabara. Ta ce kada in yi gardama da Baffa, in roƙe shi ya raka ni wajen Malam Liman, duk abin da aka yanke in karɓa. Muka je bayan la'asar. Na ce, "Allah gafarta Malam, shawara na zo nema." Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi mini tambaya uku: me za a nuna, wa zai zauna kusa da wa, kuma ina salla? Na ce maza bayan isha'i, daga ƙarfe 8 zuwa 10 da rabi, Litinin zuwa Asabar. Mata da yara Asabar da Lahadi da hantsi, a tashi kafin azahar, mai yankan tikiti da mai tsaron ƙofa duk mata, Yaya da Auta. Ba taba, ba kayan maye. Duk fim ɗin da za a nuna sai wanda hukuma ta tace, kuma shi ko wakilinsa yana iya shigowa kowane lokaci ba sallama. Ya yi shiru, can ya ce abin da yaran ke kallo a waya cikin bargo ya fi damunsa a kan abin da za a kalla a bainar jama'a, amma ba zai sa baki ba sai ya ga yadda na riƙe alkawari. Dagaci kuwa da muka je gaishe shi, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke tafe da mu," abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada ya ji an ga ɗan Islamiyya da allo ko jaka a layin tikiti.

Sai kuma fim ɗin da za a nuna, wanda a da na ɗauka shi ne mafi sauƙi. Ta hannun wani da muka yi SIWES tare na samu lambar wani furodusa a Kano. Da na ba shi labarin gwajina sai ya ce, "Ƙanina, abin da ka sauke daga YouTube ka nuna wa mutum 40, ko kyauta ne, ba naka ba ne." Gaskiyarsa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, kuma wurin nuna fim ga jama'a yana buƙatar lasisin Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, NFVCB, wadda aka kafa a 1993, ban da na jiha da na ƙaramar hukuma. Ya bayyana mini yadda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu turawa suka cinye abin da ya rage, masu shirya fim suka koma shiri mai dogon zango a YouTube da tashoshi irin Arewa24. Sannan ya jefo mini tambayar da har yau take hana ni barci: wa zai biya ka ya kalli abin da yake samu a wayarsa kusan kyauta?

Amsar da nake da ita uku ce. A ba ni sabon fim mako ɗaya ko biyu kafin a sake shi, mu raba kuɗin ƙofa biyu, ni kuma in tsare ɗakin kada wani ya ɗaga waya ya ɗauka. A nemo izinin tsofaffi irin su Sangaya da Wasila, waɗanda yayyenmu mata za su so su sake gani da 'ya'yansu. Sannan akwai Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Balewa. An gyara shi har an nuna a bikin fina-finai na Berlin a 2018, amma a garinmu ban samu mutum ɗaya da ya taɓa ganinsa ba. Na riga na rubuta takardar da zan aika wa Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos a kansa.

To ga lissafin da Malam ya nema. Tikiti naira 500. Ban yaudari kaina da cewa ɗaki zai cika ba, na sa rabi, mutum 32, naira 16,000 a zama ɗaya. Rabi na mai fim, saura 8,000. Zama takwas a mako 64,000, a wata wajen 256,000. In na cire haya da albashin mutum biyu da gyare-gyare da lasisi, abin da zai rage bai wuce 100,000 ba. Kayan aiki da gyaran gini gaba ɗaya, a farashin da na zagaya na tambayo, sun doshi naira miliyan 7. Wata 70 ke nan kafin uwar kuɗi ta dawo, kusan shekara shida. Da na ga wannan lamba na ajiye biro na fita shan iska. Fim kaɗai ba zai riƙe gidan ba. Sai an haɗa da manyan wasannin ƙwallo, da hayar ɗakin ga masu taro da bita, da nuna bidiyon biki ga dangin amarya, da kawo 'yan sakandare su kalli darussan kimiyya, da sayar da ruwa da zoɓo da gugguru a ƙofa.

Malam ya ba ni B. Ya zagaye wani wuri da jan biro ya rubuta cewa na manta batura suna mutuwa, ban ware kuɗin canza su ba. Ya yi gaskiya, na ƙara.

Ga inda magana ta tsaya a gida. Kun san bayan ND akwai shekara guda ta aikin sanin makama kafin a dawo HND. Baffa ya ce wannan shekarar ita ce tawa. Zan riƙa biyan Umma, wata-wata, daidai abin da ɗan kasuwar hatsi zai biya. In na yi wata uku a jere ban biya ba, makulli ya koma hannunsa, ba sai an yi taro ba. Na amince a gaban Yaya da mijinta. Na kuma rage tsarin zuwa kashin farko na kusan miliyan 3: ƙofa ta biyu, toshe rufi, majigi, lasifikoki, inbata da batura da faifan sola kaɗan, sai benci maimakon kujeru. Rabin kuɗin ina da shi, daga shanu biyu da na gada da abin da na tara a aikin haɗa sola lokacin hutu. In abin ya rushe, shanun sun tafi, kuɗin komawa HND ma sai Allah. Umma ba ta ce kada in yi ba, amma na ga yadda take kallon Auta in ana maganar, kuma wannan kallon ya fi faɗan Baffa nauyi a wurina.

Ranar da zan dawo makaranta na je sallama da Baffa, na ambata masa Shaihu Umar. Ya ɗago kai ya ce, "Na Tafawa Balewa? Ai mun karanta shi a makaranta. Da ma akwai fim ɗinsa?" Na ce akwai, Baffa. Bai ƙara cewa komai ba, sai da na kai zaure ya ce in an samo a sanar da shi.

'Yan uwa ɗalibai, rabin kuɗi da kuma ilimin da ba ni da shi nake nema. In akwai ɗan sashen gine-gine da zai duba mini zanen matakalar nan, ko ɗan akanta da zai sake bin lissafina ya nuna mini inda na yaudari kaina, ko 'yar aikin jarida da ta san hanyar masu shirya fim, ina wokshof ɗin lantarki kusan kullum bayan lakca ta ƙarshe. Ku tambayi mai silima, ai tun ranar EED sunan ya bi ni.